Hikima: Faifan Baƙon Zariya

A shekarar 1983, wata cibiya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aikinta shi ne binciken al'adun Najeriya, ta fitar da wani faifan garmaho mai suna Hikima. Sunan na Hausa ne, haka aka rubuta shi a jikin kwalin, aka bi shi da fassarar Turanci. Mai busa a cikin faifan kuwa baƙo ne, wani dattijo baƙar fata daga Amurka, Musulmi, wanda ya haura shekara 60 a duniya. Sunansa Yusef Abdul Lateef. A ƙasarsu an san shi tun shekarun 1950 a matsayin ɗaya daga cikin gwanayen busa na kiɗan jaz, manyan kamfanoni sun buga masa faifai da dama, amma wannan na Zariya bai bi ta hannun kowane babban kamfani ba. Jami'a ce ta buga abinta, kwafin ba su da yawa, kuma ba a jima ba ya ɓace daga idon mutane. Sai da aka shekara 36, a 2019, wani ƙaramin kamfani mai suna Key System Recordings ya sake buga shi a kan faifai.

Ni mutumin Maraɗi ne, kuma abin da ya fara tsaya mini a rai game da wannan faifai shi ne kusancinsa da mu. Daga Maraɗi zuwa Zariya tafiyar yini guda ce in hanya ta yi kyau: Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, sannan a miƙe kudu. Abin da duk aka yi a can yakan iso mu, atamfa da man fetur da littattafan Hausa na Zariya da kaset ɗin Mamman Shata. Na tashi ina yawo a rumfunan masu sayar da kaset a babbar kasuwa, amma ban taɓa ganin Hikima ba, ban taɓa jin wani ya ambace shi ba. Sai da ya zaga ta ƙasashen Turawa sannan na ji shi a wayar hannu. Wannan doguwar hanya da ya bi ita nake so in ba da tarihinta.

An haifi mutumin ran 9 ga Oktoba 1920 a garin Chattanooga, jihar Tennessee, a kudancin Amurka. Sunan yankansa William Emanuel Huddleston. Iyayensa suka bi sahun dubban baƙaƙen fata da suka riƙa barin kudu saboda wariya da talauci, suka yi arewa, suka yada zango a Detroit a 1925, birnin ƙera motoci. A can ya girma, a can ya koyi busa saksafon, ƙahon ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake busawa ta bakin ɗan siririn kara. Zuwa 1949 ya isa a ɗauke shi cikin ƙungiyar Dizzy Gillespie, wanda a lokacin ba a yi biyunsa ba a sabon salon jaz. A wajen wannan lokaci ne ya karɓi Musulunci ta hannun 'yan Ahmadiyya, ya canza suna. Ba shi kaɗai ba ne: Art Blakey mai ganga da Ahmad Jamal mai piyano da wasu da dama sun musulunta a wannan zamani. Ga baƙar fatan Amurka na wancan lokaci, sunan Musulunci wata ƙofa ce ta komawa ga asalin da cinikin bayi ya yanke.

Abin da ya bambanta Lateef da tsaransa shi ne kwaɗayin sauti. Bai tsaya a saksafon ba. Ya koyi sarewar Turawa, ya koyi obo, wadda ƙanwar algaita ce a wajen ƙira domin ita ma da tagwayen kara ake busa ta. Ya nemo argul na Larabawa da shehnai na Indiya, wanda duk mai kallon finafinan Indiya ya san kukansa a wurin biki. A wani faifansa na 1957 har kwalbar lemo da balan-balan ya sa suka yi magana. A 1961 ya ɗauki Eastern Sounds, inda ya buɗe da wata 'yar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin, kuma har gobe shi ne faifansa da aka fi sani. Ke nan shekara 20 kafin ya taka ƙasar Hausa, kunnensa ya riga ya fuskanci gabas.

A 1962 ya shiga ƙungiyar Julian Adderley, wanda ake wa laƙabi da Cannonball, ya yi kimanin shekara biyu tare da su. A nan ne labarinsa ya haɗu da salon da Amurkawa ke kira soul jazz, wato jaz mai ruhi. Dalilin fitowar salon a bayyane yake. Jaz ɗin bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya yi sauri, ya yi wuya, ya zama abin zama a saurara da ƙwaƙwalwa, talakan unguwa ya fara ja da baya. Sai wasu makaɗa, irin su Horace Silver da Bobby Timmons da Jimmy Smith mai ogan, suka koma ga abin da suka tashi da shi: waƙar majami'un baƙaƙen fata, inda jagora zai ba da baiti jama'a su amsa, da kuma bulus, waƙar kukan zuci ta 'yan ƙwadagon gonakin auduga. Suka rage gudu, suka ƙara nauyin kiɗa, suka bar wa jiki wurin rausaya. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Wanda ya taɓa tsayawa gaban Shata yana jefa magana 'yan amshi suna cafewa, kalangai suna riƙe da ƙasa, ya san ginin.

Sai dai shi Lateef bai yarda da kalmar jaz ba sam. Yana ganin kalma ce da aka raina kiɗan da ita tun farko, aka danganta shi da gidajen giya da shashanci. Ya ƙirƙiro wata doguwar kalma tasa, ma'anarta kiɗan da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa. Kuma bai tsaya a baki ba. Tun wajen 1980 ya daina wasa a wuraren da ake sayar da giya, alhali nan ne abincin yawancin makaɗan jaz yake. Ya koma makaranta da girmansa, ya yi digiri na farko da na biyu a makarantar kiɗa ta Manhattan, sannan a 1975 ya sami digirin dakta a fannin ilimi daga Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, da bincike a kan ilimin boko da ilimin Musulunci. Wannan ɓangare na rayuwarsa yana taɓa ni ƙwarai, domin tambayar da ya yi ta fama da ita mu ma ita ce tamu a Maraɗi: yaya mutum zai riƙe kiɗa ya kuma riƙe mutuncinsa da addininsa? Mu nan an daɗe ana ajiye makaɗi a ƙasan tabarma, a ji daɗinsa ranar biki, a ƙi ba shi 'ya ranar neman aure. Shi ya amsa tambayar da irin zaman da ya yi, cikin natsuwa da karatu.

Kafin mu bi shi Zariya, akwai abin da ya kamata a sani game da yadda faifai ke fitowa a wancan zamani. A farkon shekarun 1970 manyan kamfanonin Amurka sun juya wa jaz baya, kuɗi ya koma wajen kiɗan matasa. Makaɗa baƙaƙen fata suka ce to, bari mu buga da kanmu. A New York, Charles Tolliver da Stanley Cowell suka kafa Strata-East a 1971, bisa tsarin cewa makaɗi shi ke da mallakar aikinsa. A Detroit, garin su Lateef, Wendell Harrison da Phil Ranelin suka kafa Tribe, suna buga faifai suna buga mujalla. A California, Gene Russell ya jagoranci Black Jazz, wanda ya fitar da faifai wajen 20 kafin ya tsaya a tsakiyar shekarun. Irin waɗannan kamfanoni ba su da kuɗin talla, ba su da motocin rarrabawa. A buga 'yan ɗaruruwa ko dubu ɗaya ko biyu, a sayar a wurin wasa da shagunan unguwa, in sun ƙare shi ke nan. 'Yancin da suka samu shi ne kuma ya jawo ƙarancin kayansu. Yau waɗannan faifai su ne masu tara kayan tarihi ke farauta kamar zinariya. Hikima ɗan wannan dangi ne, illa dai shi an haife shi a Najeriya, a hannun jami'a.

Lateef ya iso Zariya a 1981 a matsayin babban mai bincike a cibiyar, ya zauna har 1985. Ba shi ne ɗan jaz na farko da ya ga Arewa ba. Louis Armstrong ya zo a 1960, akwai ma sanannen hotonsa tare da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. A 1977, lokacin bikin FESTAC, makaɗan Amurka irin su Stevie Wonder da Sun Ra sun cika Legas, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna. Amma duk waɗannan baƙin kwana kaɗan ne. Lateef ya zo ya sauke kaya, ya shekara huɗu yana shan hunturun Zariya da ƙurarta, yana koyarwa yana kuma koyo. Abin da ya fi mayar da hankali a kai shi ne sarewa, busar Fulani makiyaya. Ka duba wannan lamari da kyau: mutumin da ya yi wasa a manyan zaurukan Turai da Japan ya zo ya zauna yana nazarin karan da yaro ke busawa a bayan shanu. Kuma akwai dalili. Mai sarewa yakan haɗa busa da gunjin maƙogwaro, sauti biyu su fita tare, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Lateef ya daɗe yana yin irin haka a tasa sarewar tun yana Amurka. A Zariya ya tarar da masu abin.

Zaman ya haifi abubuwa da ake iya taɓawa da hannu. Akwai littafin da suka rubuta tare da Ziky Kofoworola a kan wasanni da kiɗan Hausa, wanda ya fito a 1987. Akwai faifai biyu. Ɗaya shi ne In Nigeria, wanda aka ɗauka a Legas a watan Yuli 1983, kamfanin Landmark na Amurka ya fitar da shi a 1985. A cikinsa akwai wani kiɗa da ya sa wa sunan dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar, da wani da ya kira ruwa mai zurfi da Hausa. Wannan ya sami shiga kasuwar duniya domin yana da kamfani a bayansa. Ɗayan shi ne Hikima, wanda ya tsaya a gida.

Da na saurare shi, abin da na fara lura da shi shi ne baƙon bai danne masu gida ba. Ganguna da muryoyi suna tafiyarsu irin tamu, shi kuma yana shiga yana fita da busarsa, wani lokaci ya yi doguwar jimla, wani lokaci ya ja baya ya bar fili. An sha yin faifan da Bature ko Ba'amurke zai zo Afirka ya ɗauki ganguna ya shimfiɗa su kamar darduma ya hau kai. Nan ba haka na ji ba. Na ji mutum yana sauraro kafin ya yi magana. Ina kuma ganin sunan da aka zaɓa ya dace, domin a Hausa hikima ta wuce sanin littafi, ta haɗa da gwanintar hannu da iya sarrafa abu, shi ya sa muke cewa maƙeri ko masaƙi ko mawaƙi yana da hikima. Abin da ke damuna guda ne: a kasuwar duniya sunan Lateef ne ke sayar da faifan, makaɗan da suka riƙe masa ƙasa kuwa sai wanda ya juya bayan kwali ya duba. Rabin hikimar tasu ce.

To me ya sa ya ɓace? Jami'a ba 'yar kasuwa ba ce, wannan ɗaya ke nan. Amma shekarar da ya fito ita ma ba ta taimaka ba. Kuɗin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu tun 1982, shigo da kaya daga waje ya yi wuya, masana'antar faifai kuwa da kayan waje take aiki. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka karɓi mulki. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canza kuɗi ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Duk ɗan Maraɗin da ya yi wayo a lokacin ya san abin da wannan rufewa ta yi mana, domin ta haɗu da fari, har yunwar wannan shekara mutanenmu suka sa mata suna El Buhari. Alhazan Maraɗi da arzikinsu ya dogara ga hanyar Katsina da Kano sun ji jiki, balle talaka. Wanda ke neman tiyar hatsi ba ya tambayar faifai.

Ga kuma kaset. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya mamaye ƙasar Hausa. Garmaho yana son wuri mai lafiya da allura mai kyau, faifai kuwa zafin bazara yana lanƙwasa shi, ƙura tana cika masa tsagi. Rediyo mai kaset da batir take aiki, a rataye ta a kafaɗa a tafi gona ko a ɗaure ta a keke. Uwa uba, kaset ana kwafarsa. Mai rumfa ya sayi guda ya juye ɗari. Wannan ya kai waƙa kowane ƙauye, ya kuma kashe kasuwar faifai, ya bar makaɗi ba ya samun komai daga cinikin muryarsa. Hikima ya fito a kan faifai a daidai lokacin da jama'ar da aka yi shi a cikinsu suka gama sallamar garmaho.

A nan zan ɗan tsaya a gida, domin abin da cibiyar Zariya ke bincike a kai, mu muna zaune a tsakiyarsa. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta na Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri, nan kusa da mu. Haka Haɓen Zazzau suka yi kudu suka kafa Abuja ta farko, wadda yanzu ake kira Suleja. Sarakunan nan ba da dawakai kaɗai suka yi ƙaura ba, sun tafi da tambura da kakaki da algaita da makaɗansu da kirarinsu. A Maraɗi da Tsibiri kuma bori bai rabu da fada ba, Iya a nan, Inna a Gobir, su ne shugabanninsa, da masu goge da masu garaya a bayansu. Ko mutum yana ƙin bori don addini, kamar yadda yawancinmu muke a yau, ba zai musa cewa a cikin kiɗansa akwai tsohon ilimin sauti ba. Wannan ne ya kawo wani Bajamushe mai binciken kiɗa, Veit Erlmann, yankin Maraɗi. Ya buga bincikensa a kan kiɗan bori a 1982, sannan a 1989 suka fitar da littafi kan girka tare da Habou Magagi. Wato a shekarun da Lateef ke bin sarewa a Zariya, ana nazarin gogen Maraɗi a Turai. Na sha raya wa kaina yadda za ta kasance da dattijon ya hau motar Katsina ya ƙetaro, ya tsaya ƙofar fadar Sarkin Gobir ranar Sallah, ya ga mai algaita ya kumbura kumatu yana shaƙar iska ta hanci, busa ba ta yankewa. Mai busa obo ne shi, da ya san darajar abin da yake gani.

Lateef ya koma Amurka a 1985, ya ci gaba da koyarwa a Massachusetts. Ya sami kyautar Grammy da wani faifansa na 1987. A 1992 ya kafa nasa kamfanin, YAL, don ya riƙa fitar da aikinsa yadda yake so. A 2010 Amurka ta ba shi babbar lambar girmamawa ta gwanayen jaz, kalmar da ya ƙi duk rayuwarsa. Ya rasu ran 23 ga Disamba 2013 yana da shekara 93. Bai ga dawowar Hikima ba.

Dawowar ta biyo bayan wani juyi da ba wanda ya zata. Faifan CD ya fito a 1982, ya kori garmaho daga shagunan duniya, shi ma intanet ta zo ta kore shi. Amma tun wajen 2008 matasa a Turai da Amurka da Japan suka fara komawa ga baƙin faifai, suna son abin da za su riƙe a hannu, da babban kwali mai hoto da bayani. A 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a Amurka, CD kuwa miliyan 33. Da kasuwa ta buɗe sai ƙananan kamfanoni suka bazama neman abin da ya ɓace. Aikin ba wasa ba ne. Sai an nemo masu haƙƙi an yi yarjejeniya. Sai an nemo zaren asali da aka ɗauki kiɗan a kai, in ya lalace a nemi kwafi mai tsabta a juye daga gare shi, a share ƙaiƙayin sauti da kwamfuta. Sannan a yanka tsagin a kan wani faranti mai laushi, a yi masa rigar ƙarfe ta zama hatimi, a riƙa danna narkakkiyar roba a tsakanin hatimi biyu. Abin da zai fito shi ne faranti mai faɗin santimita 30, mai juyi 33 da sulusi a minti, kowane gefe yana ɗaukar kimanin minti 20. Haka aka sake buga faifan Black Jazz da na Tribe da na Strata-East, haka kamfanoni irin su Soundway da Strut da Analog Africa suka tono kiɗan Legas da Kwatano da Akra na shekarun 1970. A cikin wannan guguwa Hikima ya tashi.

Mu ma a Nijar guguwar ta taɓa mu, kuma labarin ya fi na Zariya kusa da zuciya. Mamman Sani Abdoulaye ya sayi wata ogan ta lantarki ƙirar Italiya, mai suna Orla, ya riƙa zuba mata tsofaffin karin waƙoƙin ƙasar nan. A 1978 ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa, aka fitar da kaset kaɗan ƙwarai. Shekara da shekaru 'yan Nijar suna jin wannan kiɗa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, ya zauna a kunnenmu kamar kukan kurciya da safe, da yawanmu ba mu ma san mai shi ba. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a Portland, ya ci karo da kaset ɗin a gidan tarihi na ƙasa a Yamai, ya nemi mutumin, ya same shi da ransa. A 2013 aka buga kiɗan a kan faifai da sunan La Musique Électronique du Niger, Mamman Sani ya tafi Turai ya yi wasa da furfurarsa. A shekarar ce kuma kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa na Kano, shi ma a kan faifai. Kamfanin ya ce yana raba riba biyu da makaɗa, kuma in haka ne ya kyauta, domin ba kowa ke yi ba.

Ina murna da waɗannan abubuwa, ba na ɓoyewa. Amma in an duba su duka biyun za a ga abin da ya cece su. Hikima ya tsira domin an buga shi a kan abu mai ƙarko, an rubuta suna da shekara a jiki, kuma sunan mai busar sananne ne ga masu kuɗin saye. Kaset ɗin Mamman Sani ya tsira domin wani ma'aikaci ya ajiye kwafi a ɗakin ajiya. Kiɗan Maraɗi mafi yawa bai sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. An ɗauke shi a gidan biki da rediyo mai kaset, an kwafa an sake kwafa har murya ta dushe, ba suna ba shekara. Maraɗi gari ne ma da ya san asara, tun da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye tsohon gari aka hau tudu. Mawaƙinmu Sa'adu Bori ya yi sa'a kaɗan: a 1994 kamfanin Stern's na Landan ya fitar da Niamey Twice, faifan da suka raba da Moussa Poussy, don haka akwai inda za a je a same shi da sauti mai kyau. Ya ɗauki karin bori ya ɗora a kan jita da gangunan zamani, abin da ba shi da nisa da wanda Lateef ya gwada daga ɗaya ɓangaren. Ya rasu a 2008. Masu goge da garaya da ya sha a wurinsu kuwa, da zabiyoyin Tsibiri, da makaɗan noma na ƙauyukan Gulbi, yawancinsu sun tafi da abinsu.

Kwanan baya na je Jiratawa, cikin lambunan noman rani da aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, wato sa'o'in Hikima ne. Samari suna yankan zogale, kowa da waya a aljihu tana waƙa. Kiɗa bai taɓa yawa a hannun mutane kamar yanzu ba, ana tura shi daga waya zuwa waya, ana loda shi a katin memori a bakin tasha. Kirkley ma da irin wannan ya fara, faifansa na 2011 tarin waƙoƙi ne da ya kwaso daga wayoyin mutanen Sahara. Sai dai katin memori ya fi kaset saurin mutuwa. Waya ta faɗa ruwa, waƙa dubu ta tafi, kuma rabinsu ba sunan mawaƙi a jiki.

A gidanmu akwai wata tsohuwar adaka ta mahaifina, Allah ya jiƙansa, cike da kaset. Da na dawo daga Jiratawa na buɗe ta. Gara ta ci kwalayen wasu, zaren wasu ya manne saboda zafi. Na ƙirga waɗanda ke juyawa in an sa musu biro, na ware su gefe. A jikin ɗaya akwai rubutun hannunsa da ajami, sunan wani ƙauye a hanyar Tsibiri da kalmar goge, ba shekara. Na sami wani mai gyaran rediyo a kasuwa da ke da na'urar da har yanzu take ja, mun yi da shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan kai masa guda goma na farko, mu juye su a kwamfuta. Na kuma sayi littafin rubutu, domin kafin mu juye kowanne zan kai wa gwaggona ta saurara, ita kaɗai ta rage da za ta iya gane muryoyin.